Karam Din da Wuyan Badal

Mijina Karam Din ya kwashe rabin rayuwarsa yana ɗinka wa karnuka abin wuya, amma bai taɓa ɗora hannu a jikin kare ba sai da gemunsa ya yi fari. In ka tambaye shi dalili, sai ya gyara zama ya ce ai yawun kare najasa ne, shi kuwa mutum ne mai son zama da alwala. Mutanen garinmu, Kot Lakha, su gyaɗa kai su ce Ustad akwai tsoron Allah. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san tsoron Allah yana nan, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai tabo a sharaɓarsa ta hagu, inda wani kare ya cafke shi a bakin rijiya tun bai yi wayo ba, aka yi ta sossoka masa allurai a ciki. Daga nan ko kwikwiyo ya hango a hanya, sai ya tuna ya manta wani abu a gida.

Gidansu dukawa ne, masu takalma. Ubansa ne ke yi wa angwayen yankinmu takalmin biki mai zaren zinariya, shi ma da wannan ya fara. Da takalman roba suka shigo daga birni, sana'ar ta kwanta, har muka yi wata damina da albasa da gurasa kaɗai. Ana cikin haka wani manomi ya kawo masa tsinkakken abin wuyan karensa ya gyara. Gyaran ya yi kyau, labari ya bazu, kafin mu farga duk mai buli, wato ƙaton karen gadi na yankinmu, daga nan har bakin kogin Canab ya san ƙofarmu. Allah ya tashi ba shi abinci, sai ya sa masa shi a wuyan abin da ya fi tsoro a duniya.

Buli kuwa ba karen da za ka ɗaure da tsumma ba ne. Wanda ya ƙoshi, gadon bayansa yana kai wa ƙugun namiji tsayayye. Nauyinsa ya kusa buhun alkama biyu, irin na kilo arba'in ɗin nan, kansa ya kai tukunyar da nake dafa wake, ƙirjin nan duk tsoka, fatar wuya ta yi yawa tana reto. Don haka Karam Din yake yin abin wuyan da fatar ɓauna ninki uku, ya shimfiɗa waya a tsakiya saboda haƙorin alade na daji da wuƙar ɓarawo. Ba ya sa masa maɓalli. Mai kare ne zai zagaya shi a wuya, ya zura ƙusa, ya dake ta da guduma, shi ke nan an rufe. Wuri guda kawai yake bari babu waya, faɗinsa bai wuce ɗan yatsa ba, ya yi masa alama da jan zare, domin ranar da za a so cirewa.

Tunda ba ya zuwa wurin kare, kare kuma ba ya zuwa wurinsa, sai awo ya zama da igiya. Ka zagaya igiya a wuyan karenka, ka ƙulle, ka kawo. In ya gama aiki sai ya rataye igiyar a ƙusa a bangon shago. Ban san ranar da abin ya fara ba, amma bangon nan ya zama wurin taro. Da la'asar maza su cika shagon, tukunyar taba tana zagayawa, ni ina bayan labule ina dafa musu shayin da ba wanda zai ce na gode.

"Ustad, sauko mana da ta Caudari mu gani."

"Kai, wannan wuyan kare ne ko na maraƙi?"

"Hassada ce za ta kashe ka. Na ɗora shi a sikelin mai sayen auduga, kilo casa'in da biyar cif."

"Da kai a kan sikelin, ko ka sauka?"

Caudarin nan, wato babban mai gona, shi ne Liyakat, mai gonakin shinkafa a yamma da gari, mutum mai gashin baki da babbar murya. Ba shi kaɗai ke ƙari ba, ya dai fi kowa. Duk wanda ya san igiyarsa za ta hau bangon nan sai ya ɗan sassauta hannu kafin ya ƙulle. Karam Din ya gane haka tun da wuri, bai kuma taɓa kunyata kowa ba. In ya zo yanka fata sai ya rage faɗin yatsa biyu daga igiyar talaka, yatsa uku daga ta mai gona. Abin wuya ya zauna daram, mai kare ya tafi yana ganin awonsa ne ya yi daidai. Na taɓa ce masa wannan ai taya su ƙarya ne. Ya ce, "Bashiran, ba karensu suke aunawa ba, kansu suke aunawa. Bar su."

Haka aka yi shekaru ba a taɓa samun kuskure ba, har hannunsa ya koyi ragewa ba tare da ya shawarci kansa ba.

Rasulan matar Gulzar ce, ƙanen Liyakat. Wutar injin ban-ruwa ta kama Gulzar ya mutu, ya bar ta a gidan gona can tsakiyar shinkafa, ba ɗa ba jika, sai ɓauna uku na gida, irin waɗanda muke tatsa, da wani farin buli mai suna Badal wanda bai gama girma ba. Nonon ɓaunan nan take ci, take sha, take sutura. Liyakat ya yi ta matsa mata ta tattaro ta dawo gidansa da dabbobin, ya ce mace ba ta zama ita kaɗai a daji. Kowa ya san in ɓaunan suka shiga garkensa sun shiga ke nan. Ta ƙi. Abin da ya ba ta bakin ƙi kuwa Badal ne, domin a shekarar ɓarayin dabbobi sun share gidajen gona da dama a gefen kogi, amma ba su taka nata ba. Haushinsa kaɗai ana jinsa daga kan rufinmu.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da ta san babu maza a shago, ta zo da fuska a rufe. Ta miƙa masa wani siririn ƙyalle da ta yago daga bakin mayafi, da ƙulli a jiki. Ta ce na wuyan karen gidansu ne, tsohon ya ruɓe. Ya karɓa yana kallon ƙasa, yadda ya dace da matar mamaci. Bai tambaye ta wa ya auna ba. A ransa wace mace ce za ta rungumi wuyan buli? Lallai wan mijinta ne ya auna ya aiko ta. Tunda kuwa hannun Liyakat ne, sai ya rage yatsa uku.

Ta karɓi aikin, ta sa wa karen da kanta. Daga baya ta gaya mini ta ga ya ɗan kama, amma ta ce Ustad ya fi ta sanin aikinsa, fata kuma tana saki kamar sabon takalmi. Ta dake ƙusar. A makon sai sama ta ɓalle. Aka kwana biyu ana ruwa har gadar da ake bi zuwa wurin likitan dabbobi ta nutse. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito da zafinta. Fatar da ta sha ruwa ta bushe a rana kuwa ba saki take yi ba, tsukewa take yi.

Ina kwaɓa gari da hantsi na ji ana dukan ƙofar baya. Rasulan ce, ba takalmi, taɓo har gwiwa, mayafin ya zame ba ta ma sani ba. Apa take ce mini, wato yaya.

"Apa, ina Ustad? Badal zai mutu. Numfashi yake ja da ƙyar, wuyan ya kumbura ya haɗiye fatar. Na sa lauje, laujen ya karye."

Karam Din ya leƙo daga shago da basilla a hannu. Ya ce ta nemi jan zare ta yanka a nan. Ta ce wane jan zare, duk wurin jini ne da kumburi, ko fatar ba a gani sai an tura yatsa. Sai na ga launin fuskarsa yana canzawa a hankali.

"'Yar'uwa, wa ya auna wuyan nan?"

"Ni mana. Wa nake da shi da zai auna?"

"Ba ki ƙara komai ba?"

"In ƙara me, Ustad? Ba ka ce wa mutane su zagaya su ƙulle ba? Na zagaya na ƙulle."

Basillar ta faɗi daga hannunsa. Ya jingina da ƙofa, ya zame har ƙasa. Rasulan ta dube ni tana neman bayani, ni kuwa don haushi ban ma san wa zan fara zagi ba, shi ko bangon nan nasa.

Ta ce Liyakat yana can da bindiga. Wai ya ce kare ya haukace, in aka kira azahar bai lafa ba zai harbe shi, ta kuma shirya kayanta. Ta ce ita za ta iya riƙe kan, don har yanzu yana jin muryarta, amma hannu biyu Allah ya ba ta. Ta roƙi mazan da suka taru wani ya yanka, kowa ya ce shi bai san inda wayar ta ƙare ba.

"Zan kwatanta musu," in ji Karam Din. Muryar ba tasa ba ce. "Daga zoben ƙarfe, ka bi hagu..."

"Baban Kausar," na ce, "hagun wa? Naka ko na karen? A cikin naman da ya kumbura? Yatsunka ne suka ɗinka, su kaɗai za su gane wurin."

Ya dube ni kamar na kai shi mahauta. Na san abin da nake tura shi gare shi, amma ban janye maganar ba. Ya tashi, ya ɗauki ƙaramar askarsa mai lanƙwasa, ya goga ta a dutse fiye da yadda take bukata. Na yafa mayafi na bi su, tunda ba zai shiga gidan matar mamaci ba tare da ni ba.

Ban taɓa ganin hanyar gidan gonar nan ta yi tsawo irin na ranar ba. Muna bin kunyar shinkafa, santsi ko'ina, Rasulan tana gaba tana waiwaye, shi yana tsakiya yana taku kamar mai ciwon ƙafa. Sau biyu yana ratsewa wai zai kama ruwa. Na biyun da ya daɗe, na leƙa na same shi tsaye kawai ya dafa bishiya, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ya ce mini, "In ya kama ni a wuya, kada ki bari su kai ni gida a buɗe. Ki rufe ni." Na ce ya rufe mini baki ya wuce.

Tun kafin mu ga gidan muka fara jin numfashin. Ba haushi ba ne, ba gurnani ba ne, wani irin sauti ne kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Maza sun jeru a kan katanga, masu igiyoyin nan na bango, ba wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasar tsakar gidan. Liyakat yana zaune a gadon igiya can bakin ƙofa, bindiga a kan cinya.

"A'a, Ustad da kansa? Yau alwalar fa?"

Wasu suka yi dariya. Karam Din bai ji ba, idonsa yana kan abin da ke gindin darbejiya.

Na sha ganin Badal daga nesa. Daga kusa wani abu ne daban. Yana tsaye, ƙafafu a buɗe, ya tone ƙasar da ke kewaye da shi iyakar tsawon sarƙa. Idanun sun yi ja sun firfito, harshe ya yi baƙi-baƙi yana lilo, yawu yana zuba. Wuyan ya kumbura har ya yi daidai da kan, farin gashin ya koma ja, ƙudaje sun yi masa rumfa. Duk numfashin da zai ja sai haƙarƙarinsa sun fito, tsokar kafaɗarsa tana rawa. Ya juyo ya dube mu. Na ji fitsari ya kama ni.

"A ɗaure masa baki," wani ya faɗa daga kan katanga.

"Da bakin yake numfashi, sakarai," in ji Rasulan. "In na ɗaure ya mutu."

Ke nan da baki a buɗe za a yi. Na ga Karam Din ya fahimci haka.

Rasulan ta matsa tana kiran sunan karen a hankali, yadda ake lallashin yaro mai zazzaɓi. Ta zauna a taɓo, ta ja kan nan ta ɗora a cinyarta, ta rufe masa ido da mayafi, ta sarƙe hannuwanta a bayan kunnuwansa. Ya kwanta da gefe. Ta ɗaga ido ta ce, "Zo, Ustad. Kada ka yi sauri, kada kuma ka tsaya."

Ya tafi da rarrafe. Dattijo mai furfura, a gaban duk garin, yana rarrafe a cikin kashin ɓauna. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ya durƙusa, fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya da haƙoran ba, numfashin karen yana kaɗa masa gemu. Ya miƙa hannun hagu. Hannun ya tsaya a iska, har na ɗauka ba zai sauka ba. Sai ya sauka.

Da yatsunsa suka nutse cikin kumburin, karen ya yi wata ƙara daga can cikin ƙirji, wadda na ji ta a tafin ƙafata. Karam Din ya runtse ido. Da ido rufe ya yi aikin. Na ga yatsun suna bin ɗinkin, suna dannawa, suna matsawa gaba, leɓɓansa suna motsi. Yawun karen ya jiƙe masa hannun riga har gwiwar hannu. Can sai yatsun suka tsaya. Ya danna, ya sake dannawa, ya zura askar ta ƙarƙashi, kaifin yana kallon sama.

Ninkin farko ya yanke. Na biyu ya yi gardama, sai da ya yi ta ja. Ana cikin na ukun ne askar ta taɓa ɗanyen nama.

Ban ga yadda aka yi ba. Na dai ga Rasulan ta wuntsila gefe, mayafin ya tashi sama, Badal kuma yana tsaye a kan mijina. Ƙafafun gaba biyu a kan ƙirjinsa, bakin nan a buɗe a saman fuskarsa. Mazan katanga suka ɗau ihu. Liyakat ya miƙe ya ɗaga bindiga. Ban san lokacin da na tsaya a gabansa ba.

"Matsa, Bashiran!"

"Ka yi harbi ka haɗa da mijina? Sauke abin nan, Caudari, ko ka fara da ni!"

Na waiwaya. Karam Din yana kwance rigingine, idonsa a buɗe yanzu, yana kallon cikin bakin karen. Na ji yana kalmar shahada. Amma hannunsa na hagu bai saki fatar ba, na dama kuma yana nan da askar a inda ya bar ta. Daga ƙasa, yana shahada, ya ja.

Abin wuyan ya faɗo masa a fuska.

Badal ya ja iska, doguwa, mai ƙara, har sai da cikinsa ya buɗe. Ya sake ja. Sai ƙafafunsa suka saki, ya zube gaba ɗayansa a kan Karam Din, kan nan ya sauka a kafaɗarsa, hanci a gindin kunnensa. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙirjin mijina. Suka kwanta haka, kare yana numfashi, mutum ya kasa. Na yi kira a zo a taimaka, ba namijin da ya sauko. Ni da Rasulan muka kama ƙafafun baya muka yi ta ja, kamar masu jan buhu a rumbu, har muka zare shi daga ƙasa.

Haƙarƙari biyu suka tsage. A amalanke aka mayar da shi gida. A hanya wani daga cikin 'yan katanga, da ba shi da ta ido, ya matso ya ce, "Ustad, tunda kai ka ɗauke shi, kilo nawa zai yi?" Karam Din ya daɗe kafin ya samu iskar amsawa. Ya ce, "Bai kai yadda kuke faɗa ba. Ya dai isa."

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah na yi shiru. Wuyan Badal ya warke, ya ci, ya mayar da jiki. Amma da Rasulan ta zo duba Karam Din da kwanon man shanu, sai ta ja ni gefe. Ta ce karen ba ya haushi. In baƙo ya doso, zai tashi, ya ja sarƙa, ya buɗe baki, sai iska kawai ta fito. Ta ce, "Apa, in suka zo ina barci, me zai tashe ni? Su jefa masa nama mai guba daga nesa su kwance ɓauna, ni ina ciki ban sani ba." Liyakat ya riga ya ji, ya kuma aiko a gaya mata ɗakinta yana nan a share.

A hankali ta yi maganar, amma labule ba bango ba ne. Ranar Karam Din bai ci abinci ba, washegari ma haka. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, bai kula ni ba. Ran da ya iya miƙewa, ya shiga shago ya sassauke igiyoyin nan kaf, ya kawo ya tura su a murhuna. Ya aika kasuwar dabbobi aka sayo masa ƙananan ƙararrawa na tagulla, irin na wuyan shanun noma. Sannan ya yanki sabuwar igiya, ya ce in ɗauko mayafina.

"Ina za mu?"

"Awo."

"Ga ƙyallen Rasulan nan, ai daidai yake."

"Wuyan ya canza. Kuma na gama yanka fata a kan abin da ban taɓa ba."

Hanyar ba ta ragu ba, ratsewar ma bai fasa ba. Rasulan ta riƙe kan, shi kuma ya durƙusa ya zagaya igiyar da hannuwansa biyu, kumatunsa yana gogar tabon. Badal ya juyo ya shinshina gemunsa. Na ga mijina ya daina numfashi har sai da karen ya kawar da kai. Ya zura yatsa biyu tsakanin igiya da wuya don a samu sarari, ya ƙulle, ya ja da baya da rarrafe. Da muka fita ya yi amai a bakin kunya.

Sabon abin wuyan da maɓalli ya yi shi, ya jera ƙararrawa a jiki. Kare mai nauyin Badal in ya zabura ya ja sarƙa, ƙarar tana kai wa har gidajen gonar maƙwabta. Sau ɗaya ɓarayin suka gwada. Rasulan ta farka, maƙwabta suka farka, aka tarar da takalmin mutum ɗaya a cikin shinkafa. Ba ta koma gidan Liyakat ba, yau ma tana can da jikokin ɓaunan nan.

Daga ranar Karam Din bai sake karɓar igiyar kowa ba. Duk mai son abin wuya, sai ya je da ƙafarsa ya auna. Mazan ba su ji daɗi ba, don karnukansu duk sun rame a hannunsa, wasu ma suka koma wurin wani baduku a hayin kogi, mai yarda da abin da aka gaya masa. Taron la'asar ya watse, ni dai ganyen shayina ya huta. Mutane suna cewa Ustad ya zama jarumi da tsufa, ya daina tsoron kare. Ƙarya ne. Ni ke wanke rigar da yake dawowa da ita, sharkaf da gumi ko da sanyi ake yi. Duk ranar da zai je awo ba ya iya karyawa. Na taɓa ce masa ya bari haka nan, ya biya abin da ya ɓata. Ya ce muryar Badal ta dawo ne? Haka ya yi ta zuwa da tsoronsa har ƙafafunsa suka daina kai shi, shekarar da ta biyo kuma Allah ya karɓi abinsa.

Shagon yana rufe yanzu. Kausar, 'yarmu, takan ce in ba da hayarsa, ni kuma ina cewa sai an kwana biyu. Igiya ɗaya ce ta rage a bangon, ta Badal. Ta fi duk waɗanda suka taɓa hawa ƙusoshin nan gajarta. Karam Din mutum ne da in ya yi ƙulli sai ka tsaya kallo, amma wannan ya karkace, ya hau kan juna sau uku, domin hannun da ya yi shi rawa yake yi. Mijin Kausar ya taɓa miƙa hannu wai zai gyara shi, na buge hannun.